Littattafan Labarin Gaskiya Domin Ɗiyanmu

 

Yau za mu yi magana bisa littattafan da ya kamata mu sa hannun yaranmu. Littafi iri biyu ne. Akwai na tatsuniya, inda gizo da ƙoƙi suke magana. Akwai kuma na labarin gaskiya, wanda ke faɗin abin da ya auku: sunan mutum, garinsu, shekarar da aka haife shi, da aikin da ya yi. Tatsuniya tana da daɗi, tana koya wayo. Amma yaro yana bukatar ya san mutanen da suka taka ƙasar nan da ƙafarsu.

Ga misali. Akwai wani yaro Bahaushe, sunansa Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa har Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe ya fanshe shi. Daga baya ya bi matafiyin nan Bart, wanda mutane suka sani da Abdul Karim, har Tumbutu. A 1855 suka isa Ingila. Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani malami mai suna Shon ya rubuta. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, amma maganarsa tana nan bisa takarda. Yaron da ya ji wanga labari zai san mene ne bauta, zai san kuma nisan Barno da Tumbutu.

Ga misali na biyu. Abdu Mumuni, an haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, ya komo gida, ya duƙufa bisa binciken yadda za a amfana da zafin rana. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ɗan lakol da lissafi ke ba wuya, in ya ji ɗan Tasawa ne ya kai nan, zuciyarsa za ta yi ƙarfi.

To, yaya za ku gane littafin gaskiya? Ku duba abu uku. Shin ya faɗi sunan mutum da garinsu? Shin ya faɗi shekara? Shin mai rubutun ya faɗi inda ya samo labarin? Ku lura, wani littafi yana gauraya gaskiya da ƙirƙira. Sarauniyar Lugu ta yi yaƙi da sojan Faransa a 1899, wannan gaskiya ne. Amma littafin da Abdullahi Mamani ya rubuta a kanta a 1980 ƙagaggen labari ne, ya ƙara nasa ciki. Ku gaya wa yaro bambancin.

Irin waɗannan littattafai da Hausa ba su da yawa. Saboda haka aiki ya hau kanku, ku da kuka koyi rubutu. A garinku akwai tsoho maƙeri, akwai ungozoma, akwai wanda ya ga fari da yunwar 1973. Ran da suka rasu, labarinsu ya bi su kabari. Ku ɗauki kaye da alƙalami, ku je ku gaishe su. Ku tambaye su: ina aka haife ku? Wa ke sarauta lokacin? Wa ya koya maku sana'a? Ku rubuta abin da suka faɗa, kada ku ƙara, kada ku rage. Shafi ɗaya ma ya isa farko.

Da dare ku karanta wa yara, sa'an nan ku miƙa masu su karanta da kansu. Ku kai wa malaminku ya gyara maku rubutun.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.