Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ba Ne Basir

Masu sauraro na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, sharhin yau ya shafi binciken sankarar babban hanji, wato ƙarin da ke tsirowa a hanji ko dubura, wanda sau da yawa akan ɗauke shi basir ko atuni, har mutum ya shafe watanni yana shan jiƙo ciwon yana ci gaba.

Alamomin da ke sa likita zargi su ne jini a bayan gida, da gudawa ko taurin ciki da ya ƙi wucewa, da rama ba dalili, da kasalar ƙarancin jini, musamman ga wanda ya manyanta ko aka taɓa samun cutar a danginsa.

Binciken yakan fara a asibitin Ƙonni ko na Galmi, inda likita zai yi tambayoyi, ya sa safar hannu ya taɓa cikin dubura da yatsa, sannan ya auna jini. Idan zargin ya ƙarfafa, akan tura majinyaci manyan asibitoci irin na Yamai domin kolonoskopi, wato zura siririn bututu mai kyamara cikin hanji bayan an wanke ciki, a gutsuro ɗan nama a duba, domin wannan gwajin ne ke tabbatar da cutar.

Sankarar da aka gano da wuri takan warke da tiyata. Don haka, masu sauraro, kada kunya ta hana wanda ya ga jini zuwa asibiti.