Wa ke zana tagar manhajarka? Hira kan kiran umarnin Windows daga Python

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bari in fara da tambaya. Idan ka buɗe wata manhaja a kwamfuta, taga ta fito da maɓallin rufewa a saman kusurwa, wa ya zana ta? Da yawa za su ce ai wanda ya rubuta manhajar ne. To ba haka ba ne. Allon kwamfuta, da linzami, da kibod, duk a hannun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar suke, wato Windows ko macOS ko Linux. Manhajarka 'yar haya ce kawai. In tana son ɗaki, sai ta roƙi mai gida.

A Windows, hanyar wannan roƙon ita ce Win32, wadda ta zo tare da Windows NT 3.1 a shekarar 1993. Yawancin umarnin da suka shafi taga suna cikin wani fayil mai suna user32.dll, kuma da tsarin harshen C aka shirya su. To kai da ke rubutu da Python fa? Akwai gada, sunanta ctypes, tana cikin Python tun fitowar 2.5 a 2006. Ba sai ka sauke komai ba.

Gwada wannan a Windows, layi biyu ne:

import ctypes
ctypes.windll.user32.MessageBoxW(None, "Ka ci abinci?", "Sannu", 4)

Nan take ƙaramin akwati zai fito da zaɓi biyu. Lamba 4 ɗin nan ita ce ke cewa a sa maɓallin eh da na a'a. In mutum ya danna eh, Windows ta dawo maka da 6, in ya danna a'a ta dawo da 7. Ka ga kenan ka yi magana da mai gida baki da baki.

Ku lura da W da ke ƙarshen sunan. Akwai tagwayensa, MessageBoxA. Na A tsohon tsarin haruffa yake bi, kuma wanda aka fi samu a kwamfutocinmu bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Na W shi ke karɓar Unicode. Saboda haka mu masu rubuta Hausa, W ne namu. In ma ka miƙa wa na A rubutun Python yadda yake, ka rubuta "Sannu", S kaɗai za ka gani, domin kowane harafi gurbi biyu yake ci, na biyun sifili ne, shi kuwa A da ya ga sifili sai ya ɗauka magana ta ƙare.

To wannan akwati ne. Cikakkiyar taga ta fi haka aiki. Da farko za ka yi rajistar irin tagar da RegisterClassW, sannan ka ƙirƙire ta da CreateWindowExW. Windows ba za ta ba ka tagar a hannu ba, wata lamba za ta ba ka, ana kiranta HWND. Kamar katin da ake ba ka in ka ajiye babur a bakin kasuwa: babur na wurinsu, kai kati ne da kai, duk abin da kake so sai ka nuna shi.

Daga nan komai saƙo ne. An danna linzami, saƙo. An taɓa kibod, saƙo. Taga na bukatar a sake zana ta, saƙo ne mai suna WM_PAINT. Manhajarka za ta yi ta zagaye tana ɗaukar saƙo da GetMessageW, tana miƙa shi da DispatchMessageW zuwa wani umarni da kai ka rubuta, wanda Windows ke kira. Saƙon da ba ruwanka da shi, ka tura wa DefWindowProcW. In ka tsaya wani dogon aiki ka daina ɗaukar saƙo kamar daƙiƙa 5, nan ne Windows ke dusashe tagar ta ce manhajar ba ta amsawa. Kun san abin nan ai.

Yanzu ga inda na sha wuya. Na taɓa yi wa wani mai shago 'yar manhajar lissafin kaya ta wannan hanyar. A wurina tana aiki lafiya lau. A shagonsa kuwa sai ta yi ɗan lokaci ta ɓace, ba sallama ba bayani, ga kwastomomi a tsaye. Kwana biyu ina nema. Ashe umarnin nan da na ba Windows ta riƙa kira, ban ajiye shi a wani suna mai ɗorewa ba. Python na share duk abin da ta ga ba mai riƙe da shi, sai ta share shi. Ita kuwa Windows tana nan da adireshin, ta je ta ƙwanƙwasa gidan da aka rushe. Laifina ne, ba na kowa ba.

Tarko na biyu: in ba ka faɗa ba, ctypes na ɗauka amsar kowane umarni lamba ce mai bit 32. A kwamfuta mai bit 64, adireshi na iya fin haka tsawo, sai a gutsure shi. Maganin shi ne ka cika argtypes da restype ga kowane umarni kafin ka kira shi. Kar ka yi ƙiwa a nan, don Allah.

Wani zai ce, to me ya sa zan wahalar da kaina alhali ga Tkinter da Qt? Gaskiyarka. Don aikin yau da kullum su za ka ɗauka, musamman da yake abin da ka rubuta da Win32 ba zai tashi a Mac ba, can Cocoa ake amfani da shi, a Linux kuma X11 ko Wayland. Amma su ma Tkinter da Qt, a Windows waɗannan umarnin suke kira a ƙarƙashi. Ranar da taga ta maƙale, ko kana son abin da ba su tanada ba, wanda ya san ƙasan shi ke fita.

Aikin gida: canza 4 ɗin nan zuwa 1, ka duba maɓallan da suka fito da lambar da kowanne ke dawowa da ita, ka rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.