Dafin Kububuwa da Makarinsa: Laccar da Aka Gabatar a Taron Ɗalibai a Rijiyar Lemo, Kano



Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mutumin Rijiyar Lemo da maciji, ga kwalta ga lantarki? To, amma kusan kowanenmu yana da dangi a ƙauye, kuma ran da maciji ya sari wani a gona, ɗan boko na birni ake aika wa ya nemo magani. Abin da zai sayo shi ne maganata yau.

Macijin da ya fi kashe manoma a Arewa shi ne kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. Ba ta cika wuce kamu guda ba, launinta kuwa ya saje da ƙasa. Dafinta jini yake bi. A cikinsa akwai sinadaran da ke zuga jini ya yi ta ƙulla ƙananan gudaji ba dalili, har abin da jiki ke daskarar da jini da shi ya ƙare ƙaf, wasu kuma su huda ƙananan hanyoyin jini. Daga nan sai dasashi ya fara tsattsafo da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Abin tsoron shi ne, mutum yana iya yin kwanaki yana zance yana cin tuwo, alhali jini na zuba a cikinsa ko a ƙwaƙwalwarsa.

Da yawa daga wannan ilmi a ƙasarmu aka tono shi. A shekarun 1970 likita David Warrell na Ingila ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma a 1977 shi da abokan aikinsa suka buga bayanin mutum 115 da kububuwa ta sara. Su ne suka yaɗa gwajin da ban san mai sauƙinsa ba: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, sannan a karkata. In ya daskare, madalla. In yana nan ruwa, dafi ya shiga, sai makari. Ba na'ura, ba lantarki, ga shi har yau asibitocin karkara a nahiyoyi da dama da shi suke aiki.

Shi makarin, yadda ake yinsa bai canja sosai ba tun zamanin Albert Calmette na Faransa, a shekarun 1890. Ana tatsar dafi, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, har jinin dabbar ya ƙera makaman yaƙarsa, sai a tace makaman a zuba a kwalba. Ku lura da nan, jama'a: dabbar ba ta sanin dafin da ba a ba ta ba. Makarin da aka yi da dafin macizan Indiya ba lalle ne ya gane kububuwarmu ba, ko da an zana hotonta a jikin kwalin. Wani rahoto na 2008 daga wani asibitin karkara a Gana ya nuna cewa da aka sauya musu makari da irin wannan, masu mutuwa sun tashi daga kashi 1.8 cikin 100 zuwa kashi 12.1.

Saboda haka aka ɗebi macizan Nijeriya aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, aka tatse su. Da dafinsu aka yi EchiTAb-G a Birtaniya da jinin tumaki, don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus a Kosta Rika da jinin dawaki, wanda ya haɗa har kasa da kumurci. An gwada su kan mutum 400 a asibitin Kaltungo ta Jihar Gwambe, aka buga sakamako a 2010: cikin awa 6 jini ya koma daskarewa ga kashi 76 na waɗanda aka ba na farko, da kashi 83 na waɗanda aka ba na biyu. Cikin masu binciken akwai Farfesa Abdulrazaƙ Habib na Jami'ar Bayero, nan kusa da mu. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, macijin namu, majinyatan namu, masanan namu, amma kwalbar daga ƙetare take zuwa. Ko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ɗauri niyyar rage mace-macensa da rabi kafin 2030, kuɗin makari yakan fi ƙarfin manomi.

To, in an aiko muku, kada ku ruga kantin magani a Sabon Gari ku karɓi duk abin da aka miƙo. Ku ce a kai shi asibiti tukuna, a ɗauke shi kada ya taka, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Ban da ɗaure ƙafa da igiya, ban da tsaga, domin tsaga a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa buɗe masa ƙofar mutuwa ne. Baƙin dutse kuwa an gwada shi kan dabbobi, bai hana dafi aiki ba. In likita ya ce a sayo makari, shi zai rubuta sunansa, ku duba ranar lalacewarsa, ku kuma tambaya da dafin macijin wace ƙasa aka yi shi.