Wa Ya Toshe Hanyar Ruwa?



Ka tuna da watan Agusta na 2020, sa'ad da ruwa ya shiga gidaje, ya jiƙa tabarmi da buhunan masara? Mutane suka ce, "Daga Allah ne." Gaskiya ne, ruwan sama daga wurinsa yake. Amma wa ya toshe hanyar ruwan?

Duwala gari ne na fadama a bakin kogin Wuri, ruwan sama kuwa yana da yawa ƙwarai. Tilas ruwan nan ya sami hanya zuwa kogi. Kai kuwa ka sayi ƙosai cikin leda, ka ci, ka jefa ledar cikin lambatu. Maƙwabcinka ya zuba shara a rafi da dare. Leda ba ta ruɓewa kamar ganyen ayaba. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta hana aiki da ledar nan marar kauri, amma ba mu rabu da ita ba. Wani kuma ya cika fadama da ƙasa, ya kafa gida a kan hanyar ruwa. To, ina ruwan zai bi, in ba ɗakinka ba?

Dubi kuma itatuwan nan masu tsiro cikin taɓo a bakin Wuri, waɗanda mutanen Duwala ke ce da su matanda. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, a ƙarƙashinsu kifi ke hayayyafa. Muna sare su domin ƙyafe kifi da gina gidaje. Kadan sun ƙare, kifi ya ragu, teku kuma ya ci gaɓa.

Ruwan ƙazanta daga masana'antu da masai yana gangarawa cikin rafi, ya ratsa ƙasa har rijiya. Ruwa irin wannan ne ke baza kwalara, kamar yadda ta kama dubban mutane a garin nan a 2004.

Ɗan'uwana, Allah ya ba mu ƙasan nan amana ne, gama 'ya'yanmu za su gaje ta. Kada ka ce kai ɗaya ba ka iya kome. Ka kai shararka inda motar shara ke kwashewa. Ka tafi kasuwa da kwando. Ka haƙa masai nesa da rijiya. Ran Asabar ka kira maƙwabcinka, ku yashe lambatun ƙofar gida tun damina ba ta faɗi ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.