Ladan Rage Wuta da Magariba

'Yan'uwa malamai,

A hunturun 2022, masu kula da layukan lantarki a Birtaniya suka fara biyan magidanta lada in sun rage shan wuta da magariba, sa'ar da kowa ya koma gida ya ɗora tukunya. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa layi nauyi, kada a tayar da tashoshin kwal na ko-ta-kwana. Gidaje da shaguna miliyan 1.6 suka shiga. Babban sharaɗi: mita mai ƙirga wuta duk rabin sa'a.

Mu kuwa, da yawanmu ko mitar ba mu samu ba. Ƙiyasi ake yanka mana, mun kunna ko mun kashe, daga albashin da kowa ya sani. Don haka muke roƙon reshenmu ya sanya batun mita cikin buƙatun bana.