Makarantun Fagge da Sabon Gari: Ina Yaro Zai Dosa Bayan Sakandare?



An nemi in yi magana a kan gyaran makarantun gwamnati. Da na duba sai na ga abin ya fi ƙarfin zama guda, saboda haka na tsakuri yanki ɗaya kurum, watau unguwannin da ke maƙwabtaka da tashar jirgin ƙasa ta Kano, Fagge da Sabon Gari. Na zaɓe su ne domin a nan yaro yake auna makaranta da kasuwa kowace safiya, kuma sau da yawa kasuwar ce take rinjaye.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Fagge ta girme shi nesa ba kusa ba, gama tun zamanin fatake zango ce ta ayarin da ke gangarowa daga arewa. Sabon Gari kuwa jirgin ne ya haife ta, don a nan aka sauke akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Waɗannan baƙi da makarantunsu suka zo, na mishan da na ƙungiyoyin ƙabilu, alhali 'yan ƙasa ba su da inda za su sai makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, da 'yan elemantaren En'e, da Midil wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Duk da wannan rashin daidaito, akwai abin da yaran wancan lokaci suka fi na yau, shi ne sanin inda hanya ta nufa. Mai takarda ya san kujerar akawu na jiransa a reluwe ko a kantin Turawa, wanda bai yi boko ba kuma ya san akwai awon gyaɗa da dillanci.

Yau babu dalar gyaɗa, reluwe ba ta ɗaukar mutane kamar dā, yawancin masaƙun Bompai da Sharaɗa an garƙame su. Abin da ya saura da rai shi ne Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. To, uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama sakandare ba ya iya rubuta wasiƙa, ya kuma ga yaron shago ya yi jari cikin shekara biyar, da wane baki za mu ce masa ya yi kuskure?

Ba wai gwamnati ba ta taɓa yunƙurawa ba. A 1976 aka soma shirin UPE, yara suka cika azuzuwa, aka yaye malamai cikin gaggawa. A 1982 aka shiga tsarin 6-3-3-4, wanda nufinsa shi ne yaro ya taɓa zarto da waya da ƙarfe tun a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. Ni kaina, a makarantar da na yi, akwai ɗakin da aka ajiye su. Shekara uku muna leƙen su ta taga, ba lantarki, ba malamin da ya san kansu, har muka fita ba mu ji ƙarar ko ɗaya ba.

Amma a nan Kano an yi wani abu da ya yi kyau ƙwarai, kuma ya kamata ma'aikata su nazarce shi. A 1977 aka kafa hukuma ta musamman don makarantun kimiyya, aka buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba sai na ƙirga muku ba, wataƙila wasu na zaune a zauren nan. Za a ce ai zaɓen yara aka yi da jarrabawa, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne an san wanda za a tambaya idan yara suka faɗi. A Fagge kuwa firamare na hannun wata hukuma, babbar sakandare na hannun wata, makarantar sana'a na hannun ta uku, kowace tana miƙa yaro gaba tana karkaɗe hannu. Babu ofishin da zai iya gaya maka cewa daga cikin yaran da suka shiga aji ɗaya shekara goma sha biyu da suka wuce, ga adadin da suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi.

Tushen ciwon yana aji ɗaya zuwa uku, inda ake koyon karatu. A nan ku yi mini uzuri, malamin Hausa ba ya rasa karkata. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a kewayensa. Gwajin da Farfesa Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A 2022 aka faɗaɗa manufar zuwa aji shida, a ƙarshen 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da janye ta. Ra'ayina bai sauya ba: yaron da bai iya karanta harshen da yake ji ba, ba zai karanta wanda ba ya ji ba. Na sani Sabon Gari tana da wuyar sha'ani, domin a aji guda za ka sami ɗan Ibo da Bayarabe da ɗan Igala da Bahaushe. Amma a saurare su lokacin tara, a ji da wane harshe suke faɗa a kan ƙwallo.

Sa'an nan sai maganar jagora. Lokacin da nake karatu a waje na ga makarantu suna da malamin da aikinsa shi ne zama da ɗalibi a kan abin da zai yi gaba. Mu a nan yarinya takan kai ranar cika takardar JAMB kafin ta ji cewa likitanci ba ya yiwuwa ba tare da Fizis ba, ita kuwa tun aji huɗu ta bar shi. Wannan ba ya bukatar gini, malami ɗaya ne da sa'a biyu a mako. Haka kuma ba kowa ne zai shiga Jami'ar Bayero ba, ba kuma aibu ba ne. Fagge cike take da teloli, Sabon Gari cike da makanikai da maɗaba'u. Me zai hana makaranta ta yi yarjejeniya da waɗannan iyayen gida, yaro ya yi aji da safe, shago da yamma, ya zauna jarrabawar NABTEB ya fita da shaida?

Ga ma'aikatan da ke nan, dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don ilmin tushe, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Yawancinsa a bulo da kwano yake ƙarewa, don su ake iya nunawa. Roƙona ƙarami ne. A zangon karatu mai zuwa, Sakataren Ilmi na Fagge ya sa a ba kowane ɗan aji uku gajeren labari ya karanta da ƙarfi, a rubuta nawa suka iya nawa suka kasa, a manna takardar a ƙofar ofishin hedimasta inda iyaye za su gani, a kuma maimaita baɗi.

Shugaban taro, na ga lokaci ya ƙure.