Sauron da ke Kwana a Randa

 

A shekarar 2023 zazzaɓin dengi ya kashe mutum fiye da 700 a Burkina Faso, mafi yawa a Wagadugu da Bobo-Diyulaso, kuma abin ya fi ƙamari ne da damina ta ja jiki, wajen watan Oktoba da Nuwamba. A shekarar ce Chadi ta ba da sanarwar ɓarkewarsa a Abeshe, aka kuma tabbatar da shi a Sakkwato. Ya iso ƙofar gidanmu ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da an ce sauro sai hankalinmu ya tafi kududdufi da kwata. To, mai ɗauke da dengi, wato Aedes aegypti, ɗan gida ne. Baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, cizonsa da hantsi ne da kuma bayan la'asar, lokacin da gidan sauro ke naɗe a saman gado. Macen ba ta zuba ƙwai a kan ruwa. Tana manna su a jikin mazubi, sama kaɗan da inda ruwan ya tsaya: cikin randa, bakin duro, kaskon kaji, gwangwanin tumatir, tsohuwar taya a rumfar mai faci. Ƙwan nan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ranar da ruwan sama ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai tashi. Idan ya ciji mai ciwon, ƙwayar cutar na buƙatar kwana 8 zuwa 12 a jikinsa kafin ya iya sa wa wani. Ku haɗa lissafin, za ku ga dalilin da ya sa asibiti ke cika makonni bayan ruwa, ba ranar da aka yi shi ba.

Kuma kada mu ɗora wa damina laifin duka. Unguwar da famfo ba ya kawo ruwa, kowane gida yana tara shi a duro da jarka, can sauron ke cin rani. Wannan magana ta hukuma ce, kuma ina fata wakilanta da ke zaune a nan sun ji.

Iyayena mata, juye ruwan randa kaɗai bai isa ba, ƙwan na manne. A sa soso a dirje cikinta duk mako, a rufe da murfin da ya kama baki. Wanda zazzaɓi ya kama da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi, aka gwada ba maleriya ba, ya sha farasitamol da ruwa mai yawa, ya guji asfirin da ibufurofen domin suna ƙara zubar jini. In aka ga jini a dasashi ko amai ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti a ranar.